Yadda Kadinaloli Suka Riƙa Zaɓen Fafaroma a Zamanin Da na Turai

Tambaya: Malam, don Allah ina neman bayani a kan yadda ake zaɓen Fafaroma a zamanin da, wato ƙarnonin tsakiya na Turai. Tun asali kadinaloli ne ke yin zaɓen? Kuma tun can ake kulle su a ɗaki har sai sun fitar da mutum ɗaya?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun ba haka aka faro ba. Cocin Rum ya yi shekara kusan 1,000 yana naɗa shugabanninsa kafin zaɓe ya koma hannun kadinaloli, kuma sai da aka ƙara fiye da shekara 200 a kan haka kafin kulle su ya zama doka. In kana son zaren labarin kada ya suɓuce maka, riƙe shekaru uku: 1059, 1179 da 1274. Ba rana ɗaya aka zauna aka tsara wannan zaɓe ba. Kowace doka da ke cikinsa rikici ne ya haife ta, kuma in ka san rikicin, dokar da kanta za ta yi maka bayani.

Fafaroma dai bishop ne na birnin Rum, kuma a ƙarnonin farko yadda ake zaɓen kowane bishop haka ake zaɓensa. Malaman cocin birnin su tsayar da mutum, jama'ar gari su taru su ɗaga murya cewa sun yarda, bishop-bishop na garuruwan kusa su ɗora masa hannu su keɓe shi. Wannan ya wadatar a lokacin da kujerar ba ta da komai sai wahala. Da ta zama kujera mai gonaki da haraji da garuruwa, sai masu ƙarfi suka sa mata ido. Daga ƙarni na 6 zuwa na 8, wanda aka zaɓa yakan jira amincewar sarkin Rumawa da ke Kustantiniyya, ko ta wakilinsa da ke Ravenna, kafin a keɓe shi, wani lokaci har watanni. A 767 wani basarake ya shigo Rum da mayaƙansa ya ɗora ɗan'uwansa Constantine, wanda ko malamin coci bai zama ba. Wannan ne ya sa taron malaman coci da aka yi a Lateran, mazaunin Fafaroma a Rum, a 769 ya ce daga yanzu sai firist ko dikon daga cikin kadinaloli za a zaɓa, kuma mutanen gari su cire hannunsu. Dokar ba ta yi ƙarko ba.

Ƙarni na 10 da farkon na 11 su ne mafi muni. Manyan gidajen Rum, irin su gidan Theophylact da na Crescentii da sarakan Tusculum, suka mai da kujerar kamar gadon gida. John na 12 ya hau a 955 yana da shekara kamar 18, saboda mahaifinsa Alberic, mai mulkin birnin, ya sa manyan Rum sun rantse masa za su zaɓi ɗansa. A 1045 Benedict na 9 ya karɓi kuɗi ya sauka ya bar wa ubangidansa na baftisma, wanda ya zama Gregory na 6. Kafin shekara ta zagayo mutum uku ne ke cewa kujerar tasu ce. Sarkin Jamus Henry na 3 ya sauko Italiya, ya kira taro a Sutri a watan Disambar 1046, aka kawar da masu jayayyar, ya ɗora wani bishop Bajamushe da sunan Clement na 2. Jamusawa huɗu a jere suka hau da hannunsa. A cikinsu akwai Leo na 9, mutumin kirki, wanda ya zo Rum da masu son gyara daga wajen birnin ya sa su a muƙaman kadinal. Su waɗannan masu gyara sun gode wa sarkin da ya ƙwato kujerar daga hannun gidajen Rum, amma sun ga in aka bar ta a hannunsa an gudu ne ba a tsira ba.

A nan ya kamata mu san su wane ne kadinalolin, domin mutane da yawa suna ɗauka wani mataki ne na addini sama da bishop. Asalinsu manyan malaman cocin Rum ne da kewayenta, kuma aji uku ne. Akwai bishop-bishop bakwai na ƙananan garuruwan da ke zagaye da Rum, irin su Ostia da Porto da Albano da Palestrina, waɗanda ke karɓa-karɓar hidima a babbar majami'ar Lateran. Akwai firistocin da ke riƙe da tsofaffin majami'un cikin birni, waɗanda bisa al'ada ake ƙirga su 28. Sai dikinoni, masu kula da rabon sadaka da hidimar unguwanni, waɗanda adadinsu ya zauna a kan 18. Ka ga ke nan da aka ba su zaɓe ba a yar da tsohuwar ƙa'ida ba. Har yanzu malaman Rum ne ke zaɓen bishop ɗin Rum, an dai taƙaita su zuwa manyansu. Shi ya sa har gobe kusan duk wanda aka naɗa kadinal, ko daga Najeriya yake ko daga Brazil, ake ba shi majami'a ɗaya a Rum da sunan tasa ce. Ita kuwa jar hular da aka san su da ita, Innocent na 4 ne ya ba su a wajen 1245.

Dama ta samu da Henry na 3 ya rasu a 1056 ya bar magaji yaro ɗan shekara kamar shida. Da Fafaroma Stephen na 9 ya rasu a 1058, manyan Rum suka yi wuf suka ɗora nasu, Benedict na 10. Kadinaloli masu gyara suka fice daga birnin, suka taru a Siena, suka zaɓi bishop ɗin Florence, wanda ya zama Nicholas na 2. Da ya samu shiga Rum da taimakon mayaƙa, sai ya kira taro a Lateran, kuma a watan Afrilun 1059 aka fitar da dokar da ake kira In nomine Domini. Ta ce kadinaloli masu muƙamin bishop su fara shawara, sannan su jawo sauran kadinaloli, daga nan sauran malamai da jama'a su bayyana yardarsu. Ta ce in babu wanda ya dace a cocin Rum a iya ɗauko mutum daga wani coci. In Rum ba ta zaunu ba a yi zaɓen a wani gari, kuma wanda aka zaɓa yana da cikakken iko ko da yaƙi ya hana shi hawa kujerarsa. Sarkin Jamus kuwa an ambace shi ne da 'yan kalmomin girmamawa da ba su fayyace komai ba. In ka lura, dokar ta halatta ne ainihin yadda aka zaɓi Nicholas ɗin kansa.

Doka a takarda daban, bin ta daban. A 1061 fadar Jamus ta tsayar da nata Fafaroman don ta kara da wanda kadinaloli suka zaɓa. A 1073 ana cikin jana'izar Alexander na 2 jama'a suka ɗauki sunan Hildebrand da ihu, aka ɗora shi ya zama Gregory na 7, alhali yana cikin mutanen da suka tsaya wa dokar 1059. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dokar ta faɗi masu zaɓe, ba ta faɗi yadda za a yi in sun rabu biyu ba. Ƙa'idar cocin a lokacin ita ce a bi ɓangaren da ya fi yawa kuma ya fi hankali da nagarta. To, yawa ana iya ƙirga shi. Nagarta fa, wa zai auna? Kowane ɓangare da ya sha kaye a ƙirge sai ya ce ai shi ne mai nagartar.

Sau biyu wannan ya tsaga cocin. A watan Fabrairun 1130, daren da Honorius na 2 ya rasu, wasu kadinaloli suka yi sauri suka zaɓi Innocent na 2, bayan 'yan sa'o'i wasu da suka fi su yawa suka zaɓi Anacletus na 2 na gidan Pierleoni. Aka yi shekara takwas ana ja-in-ja har Anacletus ya mutu a 1138. Na 1159 ya fi ban takaici. A cikin majami'ar Bitrus, mafi rinjaye suka zaɓi Kadinal Rolando, 'yan tsiraru masu goyon bayan sarkin Jamus Frederick Barbarossa suka tsaya a kan Kadinal Ottaviano. A lokacin alamar an zama Fafaroma ita ce a yafa wa mutum jar alkyabba. Kamar yadda mutanen Rolando suka ruwaito, ana shirin yafa masa ita Ottaviano ya fizge. Aka ƙwace daga hannunsa, sai wani malaminsa ya fito da wata da suka zo da ita a ɓoye, shi kuma garin sauri ya sa ta a juye, gaba ta koma baya. Aka buɗe ƙofofi, masu takubba suka shigo, aka yi shelarsa da sunan Victor na 4. Rolando, wato Alexander na 3, ya yi shekara 18 yana fama da wannan ɓaraka, da yawansu a wajen Rum, kafin Barbarossa ya sauko suka yi sulhu a Venice a 1177.

Shi wannan Alexander da ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne ya kawo magani. A babban taron Lateran na uku a 1179 ya fitar da dokar Licet de vitanda: kadinaloli kaɗai ke zaɓe, ba bambanci tsakanin bishop da firist da dikon, kuma ba wanda zai zama Fafaroma sai ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'un waɗanda suka halarta. Wanda ya ɗauki sunan da ƙasa da haka, shi da masu mara masa baya an yanke su daga cocin. A ganina wannan ita ce doka mafi muhimmanci a duk tarihin zaɓen, ta fi ta kulle nesa ba kusa ba, kuma dalilin da ta bayar shi ya fi burge ni. Ta ce a sauran majami'u in an yi gardamar zaɓe akwai na sama da zai raba, amma a cocin Rum babu na sama da za a kai wa ƙara. Ka kwatanta da masu zaɓen sarki a ƙasar Hausa. Su suna duba 'ya'yan gidan sarauta ne kawai, kuma a yau in sun gama sukan miƙa sunaye ga gwamna ya tabbatar. Kadinaloli ba su da gidan sarautar da zai taƙaita musu 'yan takara, ba su kuma da wanda zai sa hannu bayansu. Abin da ya rage musu shi ne adadin da ba mai iya musunsa. Kuma dokar ta yi aiki. Kusan shekara 200 kadinaloli ba su sake fitar da Fafaroma biyu ba.

Yanzu ga yadda zaɓen kansa ke gudana. Hanyoyi uku aka sani, kuma taron Lateran na huɗu a 1215 ya rubuta su a dokar zaɓukan coci. Ta farko ƙirgen ƙuri'a: a zaɓi mutum uku amintattu su ji ra'ayin kowa ɗaya bayan ɗaya, su rubuta, su karanta a gaban kowa. Ta biyu wakilci: in an cije, kowa ya yarda a damƙa wa 'yan mutane kaɗan su zaɓa a madadin duka, kuma abin da suka yanke ya hau kan kowa. Da haka aka zaɓi Honorius na 3 a Perugia a 1216, kwana biyu da rasuwar wanda ya gada. Ta uku ita ce a tashi baki ɗaya ba tare da shiri ba a kira sunan mutum guda, abin da ake ɗauka ikon Ruhu Mai Tsarki ne. Ba dole ne wanda aka zaɓa ya zama kadinal ba, ba dole ne ma ya zama firist ba. Innocent na 3, da aka zaɓa ranar 8 ga Janairun 1198 yana da shekara 37, dikon ne, sai a watan Fabrairu aka mai da shi firist, washegari aka keɓe shi bishop. In an sami adadin, sai a tambayi mutumin ko ya karɓa, ya faɗi sunan da zai ɗauka (sauya suna ya zama al'ada tun ƙarshen ƙarni na 10), a yafa masa jar alkyabba, 'yan'uwansa su yi masa mubaya'a, a sanar da jama'a. In ba bishop ba ne, bishop ɗin Ostia ke keɓe shi. Daga nan a sa masa kambi, a yi hawa a ratsa birni zuwa Lateran. Baƙin hayaƙi da farin hayaƙin da ake gani yanzu ba na wancan zamani ba ne, sun zo daga baya can.

Sai dai maganin 1179 ya zo da nasa ciwon. In kashi biyu cikin uku ake nema, to duk ƙungiyar da ta haura kashi ɗaya cikin uku tana iya tsayar da komai. Ga shi kuma a ƙarni na 13 kadinalolin 'yan kaɗan ne. Mutum takwas ne suka zaɓi Urban na 4 a 1261, bakwai suka zaɓi Nicholas na 3 a 1277. Mutum uku in suka haɗa kai sun isa su hana ruwa gudu. Ba su kuma da abin da ke kora su, domin muddin kujera ba kowa su ne manya, kuɗin shigarsu na zuwa. Mutanen gari ne suka fara gajiya. A 1241, bayan rasuwar Gregory na 9, mai mulkin Rum Matteo Rosso Orsini ya tattara kadinaloli kimanin goma ya kulle su a wani tsohon gini da ake kira Septizodium, cikin zafi da ƙazanta. Wani kadinal ɗan Ingila, Robert na Somercotes, a nan ya mutu. Bayan wata biyu suka zaɓi Celestine na 4, dattijo marar lafiya, wanda ya rasu bayan kwana 17. Sauran suka watse daga birnin don tsoron a sake kulle su, kujera ta zauna ba kowa har watan Yunin 1243.

Abin da ya faru a Viterbo, wani gari a arewa da Rum, shi ya kai tura bango. Clement na 4 ya rasu a garin ranar 29 ga Nuwambar 1268. Kadinaloli kusan 20 suka rabu, wasu na son wanda zai yi daidai da Charles na Anjou, ƙanen sarkin Faransa da ya karɓe mulkin kudancin Italiya, wasu na son a rage masa ƙarfi. Shekara ta wuce ba labari. Hukumomin garin suka kulle su a gidan bishop, suka rage musu abinci ya koma burodi da ruwa, daga baya suka yaye rufin zauren, rana da ruwan sama suka riƙa sauka a kansu. Akwai takardar da kadinalolin suka rubuta a watan Yunin 1270 ta ba wani marar lafiya a cikinsu izinin fita, kuma a wurin rubuta inda aka yi ta sun ce a fadar da ba rufi. Duk da haka sai da suka ƙara fiye da shekara. Wasu suka mutu a cikin zaman. A ƙarshe suka koma ga wakilci, suka damƙa wa mutum shida, kuma ranar 1 ga Satumbar 1271, bayan shekara biyu da wata tara, aka zaɓi Teobaldo Visconti. Ba kadinal ba ne, ba firist ba ne, ba ya ma Italiya, yana can Akka a gabar Falasɗinu tare da mayaƙan Salibi. Sai a watan Maris na 1272 aka keɓe shi da sunan Gregory na 10.

Shi ne ya mai da kulle doka, a babban taron Lyon na biyu a 1274, cikin dokar Ubi periculum. In Fafaroma ya rasu a jira kwana goma don na nesa su iso. Daga nan a taru a fadar da ya rasu, kowa da bara ɗaya, biyu in ba shi da lafiya. Zaure ɗaya za a zauna, ba bango ba labule a tsakani. A toshe ƙofofi, a bar taga guda da za a riƙa miƙo abinci. Ba aika saƙo, ba karɓar wasiƙa, ba ganawa da kowa a keɓe, wanda ya karya an yanke shi daga cocin. In kwana uku suka wuce ba a zaɓa ba, abinci ya koma kwano ɗaya da rana, ɗaya da dare. In aka ƙara kwana biyar, sai burodi da ruwa da ruwan inabi. Kuma duk tsawon zaman ba kadinal ɗin da zai taɓa ko kwabo daga baitulmalin Fafaroma. Hukumomin garin aka ɗora wa tsaron wannan. A lura da kyau: mutane kan ce ana kulle su ne don a kare su daga sarakuna, kuma akwai wannan, amma rabin dokar su kadinalolin aka yi wa ita. Sun kuwa gane, domin sun yi mata tirjiya a taron, sai da Gregory ya bi ta kan sauran bishop-bishop ya sami goyon bayansu.

Gwajin farko a Arezzo a watan Janairun 1276, kwana ɗaya aka gama. Amma a cikin shekarar aka dakatar da dokar, jinkiri ya dawo. Bayan rasuwar Nicholas na 4 a 1292, gidan Orsini da gidan Colonna suka ja daga har wata 27. Daga bisani suka ɗauko wani tsoho mai halwa a kan dutse, Pietro na Morrone, mai shekara wajen 80, ya zama Celestine na 5. Mulki ya fi ƙarfinsa, ya sauka da kansa ranar 13 ga Disambar 1294, amma kafin ya sauka ya maido da dokar kulle. Magajinsa Boniface na 8 ya shigar da ita kundin dokokin coci a 1298, daga nan ta zauna. Tsananinta ne aka riƙa sassautawa. A 1351 Clement na 6 ya yarda a sa labule tsakanin gadaje, a ƙara abinci da barori.

Lokacin da Fafaromomi suka zauna a Avignon, a kudancin Faransa ta yau, daga 1309, yawancin kadinaloli Faransawa ne, kuma bakwai ɗin da suka yi mulki a jere duk daga ƙasar Faransa suke. A 1352 suka fito da wata dabara: kafin a kaɗa ƙuri'a kowa ya sa hannu a kan sharuɗɗan da za su ɗaure duk wanda ya ci, misali kada ya naɗa sababbin kadinaloli sai da yardarsu. Innocent na 6 da ya hau ya soke takardar a shekarar da ta biyo, amma al'adar ta daɗe tana dawowa.

Sai 1378, shekarar da ta nuna iyakar dokokin duka. Gregory na 11 ya maido da kujerar Rum a 1377, ya rasu a watan Maris na 1378. Kadinaloli 16 suka shiga kulle a Vatican, 11 Faransawa, huɗu 'yan Italiya, ɗaya ɗan Sifen. Mutanen Rum, da ke tsoron a sake kwashe kujerar zuwa Avignon, suka cika fili suna ihu a ba su ɗan Rum, in ba a samu ba ko ɗan Italiya. Ranar 8 ga Afrilu aka zaɓi Bartolomeo Prignano, babban bishop ɗin Bari, wanda shi ne na ƙarshe da aka taɓa zaɓa daga wajen kadinaloli. Jama'a suka ɓalle ƙofa kafin a yi shela, don tsoro aka yafa wa wani tsohon kadinal ɗan Rum alkyabba aka nuna musu shi, sauran suka sulale. Prignano ya hau da sunan Urban na 6, kadinaloli suka yi masa mubaya'a, suka yi makonni suna neman alfarma a wurinsa. Da ya fito musu da zafin rai da zagi a bainar jama'a, sai suka janye daga Rum suka ce ai zaɓen na dole ne, ba shi da inganci. Ranar 20 ga Satumba a Fondi suka zaɓi Robert na Geneva, Clement na 7. Wannan ya bambanta da 1130 da 1159. Mutane ɗaya ne suka zaɓi Fafaroma biyu, kowanne da fiye da kashi biyu cikin uku. Ni dai ina ganin tsoron gaskiya ne, amma halin Urban ne ya tuna musu da shi. Turai ta rabu, Faransa da Scotland suna bin Avignon, Ingila da yawancin Jamus suna bin Rum. Taron Pisa na 1409 ya so ya gyara, sai Fafaromomi suka zama uku.

Babban taron Constance, a ƙasar Jamus, shi ne ya kashe wutar. Ɗaya ya yi murabus, aka tsige biyu, sannan aka yi zaɓen da ba a taɓa irinsa ba, ba a kuma sake ba. Tun da mutane sun daina amincewa da kadinaloli su kaɗai, aka haɗa 23 ɗinsu da wakilai 30, shida-shida daga Italiya da Faransa da Jamus da Ingila da Sifen, kuma aka ce sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku a wurin kadinaloli da kuma a cikin kowace tawaga. An kulle su a wani babban gidan ajiyar kayan 'yan kasuwa a bakin tafki. Cikin kwana uku, ranar 11 ga Nuwambar 1417, suka fitar da Oddone Colonna, Martin na 5. Daga shi zaɓe ya koma hannun kadinaloli kaɗai.

In kana son ganin cikin zauren a ƙarshen wannan zamani, zaɓen 1458 ya fi kowane fitowa fili, domin wanda ya ci, Enea Silvio Piccolomini, ya rubuta yadda aka yi, ko da yake labarin mai nasara ne. Kadinaloli 18 ne, ana neman 12. Zuwa lokacin an koma rubuta ƙuri'a a takarda, kowa da sunansa a jiki, a jefa cikin ƙoƙon zinariya a kan bagade, mutum uku na tsaro, a juye a karanta da ƙarfi. Babban abokin takararsa Bafaranshe ne mai dukiya, Guillaume d'Estouteville, wanda ya ce mutanensa har a makewayi suke haɗuwa da dare suna ƙulla alkawura. Da aka ƙirga, Piccolomini na da tara, Bafaranshen shida. Akwai kuma wata al'ada, bayan ƙirge a zauna a ba kowa dama ya sauya ƙuri'arsa da baki ya koma wa wani. Aka zauna tsit, ba mai motsi. Rodrigo Borgia ya miƙe ya ce ya koma wa kadinal ɗin Siena, wato Piccolomini. Goma. Wani ya bi shi. Sha ɗaya. Da Prospero Colonna ya yunƙura zai tashi, d'Estouteville da wani suka riƙe hannuwansa suna neman fitar da shi daga zauren, shi kuwa ya ɗaga murya ya ba da ta sha biyun. Nan take kowa ya durƙusa wa Piccolomini, wanda ya zama Pius na 2. Kafin a jima barori sun wawashe ɗan ɗakinsa na cikin kulle, mutanen gari sun kwashe kayan gidansa, domin al'ada ce a lokacin a yi wa sabon Fafaroma haka.

Wannan labari ya nuna abubuwa biyu da zamanin ya ƙare bai magance ba. Ƙuri'a a fili take, kowa ya san wanda ya zaɓe shi da wanda ya ƙi shi, don haka tsoro da kwaɗayi suna da ƙofar shiga. Kuma alkawarin muƙami da gidaje da kuɗi na tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Zaɓen 1492, na farko da aka yi a majami'ar Sistine, wanda ya ɗora Rodrigo Borgia ɗin nan da sunan Alexander na 6, an daɗe ana zarginsa da sayen ƙuri'u. A farkon ƙarni na 16 Julius na 2 ya yi dokar da ta ce zaɓen da aka saya ɓatacce ne, babban taron Lateran na biyar ya tabbatar da ita a 1513. Ƙuri'ar sirri kuwa, wadda ake naɗe takarda a rufe sunan mai ita, sai a 1621 Gregory na 15 ya wajabta ta.